Jijiyoyi Uku: Tarihin Hannun Kuturu a Zangunan Accra

Duk wanda ya taɓa buge gwiwar hannunsa a gefen ƙofa ko a bakin tebur ya san abin da ke biyo baya. Wani zugi ne ke tsarga mutum tun daga gwiwar har ƙaramin yatsa, hannun ya sage na ɗan lokaci, sannan ya saki. Ba ƙashi aka buge ba. Jijiya ce da ke bi ta wani ɗan kwari a bayan ƙashin gwiwar, ta ɓangaren da ke kallon jiki, inda babu abin da ya rufe ta sai fata. Wanda ya sa yatsa a wurin ya murza a hankali zai ji tana zillewa. A daidai wannan gurbi ma'aikatan lafiya na Gana suka shafe fiye da shekara 70 suna ɗora yatsa, suna neman amsar tambaya guda: jijiyar ta yi kauri ko ba ta yi ba? In ta yi kauri ta yi tauri, kamar igiyar da aka tufka, to ana zargin kuturta, kuma sau da yawa a lokacin yatsun mutum lafiyarsu lau.

Tsofaffin Nima da Maamobi da Sabon Zango sun san hannun da ake samu a ƙarshen wannan hanya. Sun gan shi a ƙofar masallaci ran Juma'a, yatsu a ƙanƙame, ko kuwa dungulmi biyu sun tallafo ƙoƙon bara. Yaran yanzu ba safai suke ganinsa ba. An daɗe ana cewa kuturta cin yatsu take yi. Binciken ƙarnin da ya wuce ya nuna jijiya take kashewa, yatsun kuma wuta da ƙaya da aikin yau da kullum ne ke tafiya da su bayan hannu ya daina jin zafi. Gane wannan, haɗe da samun magani, shi ya ceci dubban hannaye, kuma babban ɓangare na aikin a nan Afirka ta Yamma aka yi shi.

Zango da baƙinsa

Hausawa sun daɗe da sanin hanyar Gwanja. Ayarin fatake kan tashi daga Kano da Katsina da kanwa da tufafi da jar fata, su ratsa Borgu da Yendi su sauka Salaga, su koma gida da goro. A 1874 Ingilishi suka ci Asante da yaƙi suka ƙone Kumasi, kuma cikin rundunonin da suka yi wannan yaƙi har da sojojin Hausa da Kyaftin John Glover ya ɗebo daga Ikko. A 1877 aka ɗauke hedikwatar mulkin Gwalkwas, wato Gana ta yau, daga Cape Coast aka mayar Accra. A 1892 yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga, fatake da malamai suka bazu, wasu Kete Krachi, wasu Kumasi, wasu har bakin teku.

A Accra, Malam Naino, mutumin Katsina, ya kafa zango a kusa da tsakiyar gari a 1881. Ɗansa Malam Bako ya tashi da jama'arsa wajen 1910 ya kafa Sabon Zango a filin da sarakunan Ga suka ba shi. Nima ta zo daga baya. A 1931 Malam Amadu Futa, Bafillace mai harkar shanu, ya karɓi filin daga dangin Odoi Kwao na Osu. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya cika ta da jama'a, domin barikokin soja da filin jirgin sama suna kusa, kuma ana neman masu dafa abinci da masu wanki da masu gadi da leburori. Dagomba da Mosi da Zabarmawa da Kotokoli da Frafra da Wangarawa suka zo suka kama ɗakuna, Hausa ta zama harshen da ya haɗa su. Maamobi ta bunƙasa a gefenta.

Yawancin waɗannan baƙi daga ƙasashen arewa suka fito, inda kuturta ta fi yawa a wancan zamani. Cuta ce mai jinkiri, takan yi shekara biyar a jiki, wani lokaci har ashirin, kafin ta nuna kanta. Saurayi kan baro ƙauye garau, ya yi shekaru yana dako ko gadi a Accra, sannan wani tabo mai haske ya fito masa a baya ko a dantse.

Zango bai zo da magani ba, amma ya zo da tsari. A ƙasar Hausa makafi da guragu da kutare kowanne rukuni da sarkinsa, mai sasanta rigima da raba abin da aka samu na sadaka. Wannan al'ada ta biyo fatake har bakin teku: Malam Bako ya keɓe wa makafi wurin zama a Sabon Zango, da sarkinsu. Bahaushe bai saba kora kuturu daji ba. Yana da unguwa, yana aure, yana shiga kasuwa, har aka yi masa karin magana cewa kuturu da kuɗinsa alkaki sai na ƙasan kwano. Bara ta zama masa sana'a da jama'a suka amince da ita, mai bayarwa na neman lada, mai karɓa na samun na tuwo.

Duk da haka akwai tazara. Ba kowa ke yarda ya haɗa kwano da shi ba. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan zango, kuturta na cikin aibobin da ke ba miji ko mata zaɓin warware aure. Game da asalinta kuwa, wasu su ce gado ce, wasu su ce sammu, wasu su ɗora laifin a kan haɗa kifi da nono. Masu bori ma sun sa ta cikin lissafinsu, domin akwai iska mai suna Kuturu, kuma idan ya hau mutum sai ka ga ya lanƙwashe yatsun hannu da na ƙafa, yana kore ƙuda da dunƙulallen hannu. Jama'a sun ƙare wa wannan hannu kallo sarai. Abin da ido bai kai gare shi ba shi ne abin da ke gudana a ƙarƙashin fata.

Hanyoyi uku daga wuya zuwa yatsu

Jijiyoyin ji da motsi na hannu daga laka suke fitowa, ta saiwoyi biyar a ƙasan wuya da farkon gadon baya. Suna haɗuwa su sarƙe a bayan ƙashin wuya da cikin hammata, sannan su rabu. Uku daga cikinsu ne ke kaiwa har yatsu.

Ta farko ita ce wadda ake bugewa a gwiwar hannu, likitoci na kiranta alna. Ita ke kawo ji daga ƙaramin yatsa da rabin yatsan zobe, kuma ita ke motsa yawancin ƙananan tsokokin da ke cikin tafin hannu, waɗanda ke ware yatsu da haɗe su. Idan ta mutu, tsakanin ƙasusuwan bayan hannu sai ya rame ya yi kwari, yatsu biyu na ƙarshe su lanƙwashe su ƙi miƙewa.

Ta biyu, midiyan, ta tsakiyar hannu take saukowa. A wuyan hannu tana kutsawa ta wani matsattsen mashigi wanda ƙananan ƙasusuwa suka yi masa ƙasa da gefe, wani tsiri mai tauri ya yi masa rufi, kuma agara tara na yatsu ke bi tare da ita. Nata ne jin babban yatsa da manuniya da na tsakiya da sauran rabin na zobe. Ita ke juyo da babban yatsa ya fuskanci sauran, motsin da ake riƙe allura da alƙalami da carbi da shi. Idan ta mutu, tudun naman gindin babban yatsa sai ya baje.

Ta uku, radiyal, tana kewaya ƙashin dantse ta baya, ita ke ɗaga wuyan hannu da miƙe yatsu. Idan ta samu matsala, hannu sai ya langaɓe daga wuyansa, ya ƙi ɗaguwa.

Sanin wannan taswira tsohon abu ne. A ƙarni na biyu bayan haihuwar Annabi Isa, likitan nan da littattafan ɗibbu na Larabci ke kira Jalinus ya duba wani malami mai suna Pausanias a birnin Rum, wanda ƙananan yatsunsa suka daina ji. Likitocin da suka riga shi sun yi ta ɗaura magani a kan yatsun a banza. Jalinus ya yi tambaya, ya ji cewa mutumin ya faɗo daga keken doki ya bugu a saman baya. Sai ya mayar da maganin can, domin ya san daga inda jijiyar ta taso. Har yau a kan wannan dabara ake tafiya, wato a duba yatsan da ya mutu a gane jijiyar, sannan a bi ta a gano inda ta samu rauni.

Ƙwayar kuturta wuri mai sanyi take so, ƙasa da ɗumin cikin jiki. Shi ya sa take zama a fata da hanci da kunnuwa, da kuma jijiyoyin da suka matso kusa da fata: alna a gwiwar hannu, midiyan a wuyan hannu, da wani ƙaramin reshe na radiyal a gefen babban yatsa. Tana shiga cikin ƙwayoyin da suka naɗe jijiyar, garkuwar jiki ta taso mata, wurin ya kumbura, kumburin ya shaƙe jijiyar. Alna ce aka fi samu ta fara lalacewa.

Abu uku ke tafiya tare da jijiya: ji, da ƙarfin tsoka, da gumi. Tafin da ba ya gumi sai ya bushe ya tsattsage. Mai koko ta sauke tukunya daga kurfoti da hannu tsirara, ba ta san ta ƙone ba sai ta ga bororo. Lebura ya yini yana riƙe da ƙotar shebur, yana matsawa fiye da kima don ba ya jin iyakar riƙon, fata ta saɓule bai sani ba, gobe ma ya koma aiki da mikin. Ƙwayoyin cuta na yau da kullum su shiga, ruɓa ta kai ga ƙashi, jiki ya riƙa tsotse ƙashin kaɗan-kaɗan, yatsa ya gajarce. Wanda ya duba dungulmin da kyau sau da yawa zai ga ɗan guntun farce a bakinsa, shaidar cewa yatsan bai guntule ya faɗi ba, janyewa ya yi ciki.

Zamanin sansani

A 1873 wani likita a Bergen ta ƙasar Norway, Gerhard Armauer Hansen, ya hango ƙwayar a madubin ƙara girma. Ya tabbata cutar ɗauka ake yi, ba gado ba ce. Sai dai gano ƙwaya bai zo da magani ba, kuma abin da hukumomi suka fahimta daga binciken shi ne a ware masu ita.

A Gwalkwas an buɗe sansani a Ho a shekarun 1920. Na Accra yana Labadi a bakin teku, kafin wajen 1950 a mayar da shi Weija, yamma da birni, kusa da kogin Densu. An yi wasu a Yendi da Kokofu da Nkanchina, wadda ba ta da nisa da tsohuwar Salaga. A ƙasar Hausa ma haka aka yi a ƙarshen shekarun 1930, lokacin da hukumomin En'e suka haɗa hannu da mishan na SIM wajen tafiyar da sansanonin Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Daga baya aka buɗe na Danja kusa da Maraɗi.

Maganin wancan lokaci man wata bishiyar Indiya ne mai suna calmugura, ana ɗura shi da allura a ƙarƙashin fata. Zafinsa ya fi amfaninsa. Ga ɗan zango, zuwa sansani na nufin barin sana'a da masallaci da maigidan da ya sauke shi, a kan maganin da ba shi da tabbas. Ba abin mamaki ba ne mutum ya rufe tabonsa da riga, ya gwada wanzami da mai saiwa da rubutun sha, ba zai bayyana a gaban likita ba sai hannu ya riga ya tona asirin.

Ƙwaya daga Uzuakoli, wuƙa daga Vellore

Sauyi ya faro a 1941 a asibitin Carville da ke Louisiana ta Amurka, inda aka gwada wata allura mai suna furomin ta yi aiki. Amma tana da tsada, kuma sai an yi ta a jijiyar jini. A ƙarshen shekarun 1940 Dakta John Lowe, a sansanin Uzuakoli da ke gabashin Nijeriya, ya nuna cewa uwar wannan magani, dafson, ana iya haɗiyarta a ƙwaya idan aka rage yawanta, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. A farkon shekarun 1950 Dakta Charles Ross ya baza ƙananan wuraren raba ƙwayar a Arewacin Nijeriya, mutum ya zo ya karɓa ya koma gida. A Gwalkwas Dakta Alasdair McKelvie ya jagoranci irin wannan aiki daga Ankaful, kusa da Cape Coast, ma'aikata na zagaya garuruwa da mota da keke. Har yau Ankaful ce cibiyar yaƙi da kuturta ta Gana.

A karon farko mai gadi a Accra zai iya shan magani bai bar bakin aikinsa ba. Sai dai dafson ita kaɗai shekaru ake yi ana sha, wasu har ƙarshen rai, kuma rayuwar baƙo ba ta da tabbas irin wannan. A 1969 gwamnatin soja ta kafa dokar hana bara, sannan a watan Nuwamba na shekarar gwamnatin Dakta Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su fice daga ƙasar. Zanguna suka girgiza, dubban mutane suka kama hanyar Nijeriya da Nijar da sauran maƙwabta. Kora irin wannan kan raba mutum da katinsa da wurin karɓar ƙwayarsa. A ko'ina cikin duniya, sha yau a bari gobe na cikin abin da ya koya wa ƙwayar cutar jure dafson, lamarin da aka fara tabbatarwa a Maleshiya a 1964.

A ɓangaren hannu kuwa, babban darasi daga Indiya ya zo. Paul Brand, likitan fiɗa ɗan Ingila da ya fara aiki a Vellore a 1946, ya ƙi yarda cewa naman kuturu ruɓaɓɓe ne. Ya riƙa auna yatsun majinyatansa yana bin diddigin kowane miki, ya tarar kowanne da dalilinsa: ƙuna, ko yanka, ko ƙusa, ko ƙotar fartanya. Wasu raunukan da dare suke fitowa, sai aka gano ɓeraye ne ke gwaguyar yatsun masu barci da ba sa jin cizo, har aka riƙa haɗa majinyaci da kyanwa idan zai koma gida. Brand ya kuma nuna cewa ana iya ciro agarar wata tsoka mai rai a dasa ta inda ta mutu, yatsun da suka ƙanƙame su miƙe su koma kama abu. Cibiyar ALERT da aka kafa a Addis Ababa a 1965 ta koyar da ma'aikatan Afirka da dama wannan aiki.

Biro, auduga da takarda

Daga nan duba jijiya ya zama tsakiyar aikin, kuma kayansa ba su fi ƙarfin ƙaramin asibiti ba. Ma'aikaciya ta zaunar da dattijo a gabanta, ta tallafi bayan hannunsa.

"Baba, runtse idonka, kada ka leƙa. Duk inda ka ji na taɓa, sa yatsa ka nuna mini."

Da bakin biro take taɓawa, a hankali, daidai yadda fata za ta ɗan lotsa: kan babban yatsa, kan manuniya, tudun tafi, gefen ƙaramin yatsa. Inda ya yi shiru ta sa alama a zanen hannu da ke cikin katinsa. In shirun ya taru a ƙaramin yatsa da gefensa, alna ce. In ya taru a babban yatsa da maƙwabtansa, midiyan ce. Tabon fata kuma da silin auduga ake shafa shi, domin ƙyasfi da makero suna ji, tabon kuturta ba ya ji.

"To Baba, buɗe ido. Ware ƙaramin yatsa, kada ka bari in mayar da shi. Ɗaga babban yatsa sama. Yanzu ɗaga wuyan hannun, ka riƙe da ƙarfi."

Motsi uku, jijiya uku. Wani lokaci ta ba shi takarda ya matse tsakanin babban yatsa da gefen manuniya, ta ja. Idan alna ta raunana, sai gaɓar babban yatsan ta lanƙwashe don ta cike giɓin, alamar da likitan Faransa Jules Froment ya bayyana a 1915. A ƙarshe ta lanƙwasa masa gwiwar hannu, ta lalubi jijiyar a kwarinta, ta gwada dama da hagu, idonta a kan fuskarsa ko zai yamutsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da alamomi uku da ɗaya daga ciki ta isa a ce kuturta ce: tabo marar ji, jijiya mai kauri tare da rashin ji ko raunin tsoka, ko ganin ƙwayar a ɗan abin da aka kankaro daga fata. Nakasa kuma hawa uku ce. Sifili, babu komai. Ɗaya, ji ya tafi amma ido bai ga komai ba. Biyu, ɓarna ta fito fili. Amfanin wannan lissafi shi ne lokaci: jijiyar da ta fara mutuwa cikin wata shida da suka wuce sau da yawa ana farfaɗo da ita da ƙwayar firednisolon, wadda ke sauke kumburi. Wadda ta daɗe da mutuwa kuwa sai dai a koya wa mai ita kiyaye hannun: ya jiƙa shi a ruwa kullum, ya kankare kanta, ya shafa mai, ya sa tsumma kafin ya taɓa tukunya, ya duba tafinsa kowane dare don ido ya yi aikin da ji ya bari.

Bayan an ci ƙarfin cutar

A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna: dafson, da rifamfisin, da kulofazimin, wanda shi ma a Uzuakoli Dakta Stanley Browne ya gwada shi a farkon shekarun 1960. Yau wata shida ake sha idan cutar ba ta yi yawa ba, wata goma sha biyu idan ta yi yawa, kuma cikin 'yan kwanaki da farawa mutum ya daina yaɗa ta. Tun 1995 kyauta ake ba da shi a duk duniya, da farko da kuɗin gidauniyar Nippon ta Japan, daga 2000 kuma kamfanin Novartis ya ɗauki nauyi. A 1998 Gana ta sauko ƙasa da mutum ɗaya cikin 10,000, mizanin da ake cewa cuta ta daina zama barazana ga jama'a. Amma ba ta ƙare ba. Duniya na samun sababbin masu ita kimanin 200,000 a shekara, Gana kuma 'yan ɗaruruwa.

Waɗanda magani ya iske a makare suna nan. A Weija akwai tsofaffin da suka warke shekaru aru-aru, babu sauran ƙwayar cuta a jikinsu, amma hannu da ƙafa sun riga sun tafi, dangi kuma ba su zo ɗaukarsu ba. Fada Andrew Campbell, limamin Katolika ɗan asalin Ireland da ya zo Gana a 1971, ya kafa kwamitin tallafa musu a 1993, ya yi shekaru yana nema musu abinci da magani da mutunci. Dakta Mahamudu Bawumia, lokacin yana mataimakin shugaban ƙasa, ya zama uban wannan kwamiti, yana zama da su yana cin abinci tare da su a bainar jama'a.

Gwaje-gwajen da aka goge a kan kuturta yanzu wasu hannaye suke yi wa aiki. A asibitin Maamobi da na Korle Bu, wanda aka buɗe tun 1923, mai kukan sagewar yatsu ya fi yiwuwa ya kasance mai ciwon sukari, ko mace mai juna biyu, ko tela, ko mai kitso. Da yawansu midiyan ce ta matsu a mashiginta na wuyan hannu. Sukan farka cikin dare hannu ya mutu, su yi ta yarfe shi, amma ƙaramin yatsa lafiya lau, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna wa likita hanya. Sai ya ƙwanƙwasa kan jijiyar ya ji ko zugi zai tsarga zuwa yatsu, dabarar da Jules Tinel ya bayyana a 1915 daga duba sojojin da aka raunata a Yaƙin Duniya na Farko. Ko ya sa a lanƙwashe wuyan hannu na minti ɗaya, gwajin George Phalen na Amurka.

Masu ɗori na zango su ma suna cin karo da waɗannan jijiyoyi. Karayar tsakiyar dantse, irin ta haɗarin babur, kan taɓa radiyal, hannu ya langaɓe. Yawanci takan dawo da kanta cikin 'yan watanni, domin jijiya na tsirowa kimanin milimita ɗaya a yini. Haɗarin da ya fi wannan shi ne ɗaurin da ya matse har ya tare jini: yatsu su kumbura su yi sanyi, zafi ya ƙi lafawa, miƙe yatsa ya gagara. A nan sa'o'i ake lissafawa, kwance ɗaurin da garzayawa asibiti shi ne mafita. Wanda gilashi ko wuƙa ta yanke masa jijiya a wuyan hannu kuwa ana iya ɗinke ta, kuma Korle Bu na da cibiyar fiɗar gyaran jiki da ƙuna tun 1997.

Raguwar kuturta ta zo da tata matsalar. Matashin ma'aikacin lafiya na iya gama karatu bai taɓa lalubar jijiya mai kauri ba, sai ya ɗauki tabon a matsayin ƙyasfi ya rubuta man shafawa, wata shidan da ake da su su wuce. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a duba duk wanda ke zaune tare da sabon majinyaci, a ba shi rifamfisin sau ɗaya don rigakafi. A gidajen haya na Nima da Maamobi, inda iyalai da yawa ke tarayya a tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya, wannan ba ya yiwuwa sai majinyacin ya yarda maƙwabta su sani, kuma ba zai yarda ba muddin yana tsoron maigida zai karɓe ɗakinsa ko surukai su zo ɗaukar 'yarsu. Mutum 95 cikin 100 jikinsu na kashe ƙwayar da kansa, gaisawa da haɗa kwano na yini ɗaya ba sa kawo ta, sai doguwar cuɗanya da wanda bai fara magani ba. Limamai da sarakunan zango da malaman makarantun allo, waɗanda tun zamanin Malam Bako ke yanke wa jama'a wanda za a sauka da wanda za a ba ɗaki, su ne ke da bakin da zai isar da wannan bayani cikin kowane gida, kuma Lahadin ƙarshe ta watan Janairu, ranar kuturta ta duniya tun 1954, tana ba su Juma'ar da za su yi huɗuba a kai kowace shekara.